FILIN MANOMA: Labarin Ruwa A Cikin Wayar Hannu

Jama'a, makon nan za mu yi magana a kan yadda manomi zai sami labarin ruwan sama ta wayarsa, da yadda zai yi aiki da shi.

Mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni da yawa a gari suke kwana, amma gonakinsu suna can wajen Kura, ko Dawakin Kudu, ko Wudil. Mutum yana kanti ko ofis, ba ya ganin hadarin da ya taso a kan gonarsa. Ga shi kuwa kasuwar waya ta Farm Centre a nan Tarauni take, kusan kowane gida akwai mai waya.

To, akwai hukumar Gwamnatin Tarayya mai lura da yanayi, ana ce da ita NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003. Ma'aikatanta suna auna ruwa da iska da zafi a tashoshi, har da na filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, suna kuma duban hotunan gajimare daga tauraron ɗan Adam. Wannan awo ne da lissafi, babu duba a cikinsa.

Labarinsu iri biyu ne. Na fari shi ne na shekara, wanda su kan fitar tun da rani, har su juya shi da Hausa. Shi ke faɗin lokacin da ake zaton damina za ta sauka, da tsawonta, da inda ake tsoron ruwa zai ɗauke a tsakiya. Da shi za ka zaɓi iri. In an ce damina gajera ce, nemi gero ko wake mai saurin nuna. Na biyu shi ne na kwanaki kaɗan, wanda su kan sa a shafinsu na Facebook da X, mutane su kwasa su watsa a WhatsApp. Da shi za ka tsara aikin mako.

Ga misali. In an ce gobe akwai ruwa mai ƙarfi, kada ka watsa takin zamani yau, gama ruwa zai kwashe kuɗinka ya kai rafi. Kada ka yi feshi, maganin zai wanke. Da kaka, kada ka bar gyaɗa a shanye, don in ta jiƙe ta yi fumfuna ta zama cuta ga mutum da dabba. Falke kuma ya rufe buhunansa da tamfol kafin mota ta tashi daga Dawanau.

In ka ga an rubuta milimita, ga ma'anarsa: milimita 1 daidai yake da ruwa lita 1 a kan filin da ya yi mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. Yayyafin milimita 5 ba na shuka ba ne. Haƙa da hannunka tukuna, in laima ta kai tsawon tafi, sa'an nan ka fito da iri.

Amma fa a yi hattara. Saƙon WhatsApp ba ya tsufa, na bara ya kan dawo bana kamar sabo. Kafin ka tura wa wani, duba abu uku: wa ya faɗa, wace rana, kuma wane gari ake nufi. In babu ɗaya daga ciki, bar shi a nan. Kuma ko labarin gaskiya ne, an ce Kano, ana iya tafka ruwa a Tarauni, Kura ko ɗigo. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, saboda haka buga wa ɗan'uwanka na ƙauye ka ji abin da ya sauka.

Ku malaman ofis, ga naku aikin. Dattawa da yawa ba su karanta boko. Ku karanta, ku ɗauki muryarku da Hausa, ku faɗi rana da sunan gari, ku aika musu. Waɗanda ke bakin kogin Haɗeja, da suka sha ambaliya a 2022, su suka fi kowa bukatar jin gargaɗi da wuri. Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi malamin gona na KNARDA.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.