Gani Ya Kori Ji

Karatu: Karin Magana 14:15, Matiyu 10:16

Kuɗin da ke hannunka amana ce daga Ubangiji, kuma zai tambaye ka yadda ka tsare ta. Karatunmu na yau yana koya mana mu bincika magana kafin mu gaskata ta.

Ɓarawon yanzu ta waya yake shigowa. Idan ka sayar da albasa a Aliero ko hatsi a kasuwar Jega, mai saye ya ce ya tura kuɗi, kada ka saki kaya don ka ga saƙon alat. Ana ƙirƙirar na bogi. Duba asusunka da kanka, ka tabbata kuɗin sun shiga.

Idan wani ya kira ka da sunan banki, ya ce za a rufe asusunka, katse kiran. Banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka ko lambar OTP. A wurin mai POS, ko a Maiyama inda kowa ya san ka, danna lambarka da kanka, ka kāre ta da hannu, ka karɓi rasit.

Ka guji duk harkar da ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwanaki, ko da ɗan'uwa a ikilisiya ne ya kawo ta. MMM ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, gumin iyalai da yawa ya salwanta.

Abin yi: Koya wa dattijo ɗaya a ikilisiyarku waɗannan matakai yau.

Addu'a: Ya Uba, ba ni hikima, ka raba ni da kwaɗayi, ka tsare aikin hannuwana, cikin sunan Yesu. Amin.