Ciwon susa na tumaki

Yara, in an feɗe rago, ku dubi hanjinsa. Da ido kamar igiya yake. Amma cikin bangonsa akwai ƙwayoyin jijiya masu ɗimbin yawa, sun saƙu kamar koma. Suna aika ma juna saƙo da sinadarai. Wani sinadari, asetilkolin, yana sa hanji ya matse. Wani kuma yana sa shi ya saki. Haka abinci yake tafiya gaba. Jijiyoyin hanji suna haɗe da laka da ƙwaƙwalwa. Akwai wata cuta da take bin wannan hanya.

A shekara ta 1732 aka fara rubuta labarinta a Ingila. Tunkiyar da ta kamu sai ta riƙa goga jikinta ga itace har gashinta ya zube. Tana makyarkyata, tana tangaɗi, tana ramewa, daga baya ta mutu. Har yanzu ba ta da magani. A 1936, likitocin dabbobi 2 na Tuluz, a Faransa, suka nuna ana iya ɗaukar ta daga wata tunkiya zuwa wata. A 1982, wani masanin Amurka, Stanley Prusiner, ya raɗa ma abin da yake kawo ta suna firiyon.

Firiyon ba ƙwayar cuta mai rai ba ce. Furotin ne irin wanda yake jikin jijiyar kowace tunkiya, amma ya lanƙwashe. In ya taɓa mai kyau, sai shi ma ya lanƙwashe. Tafasawa ba ta kashe shi, kuma yana yin shekaru cikin ƙasa.

Yawanci ɗan tunkiya yana haɗiye shi a wurin haihuwa, inda mabiyiyar uwa mai ciwo ta faɗi. Firiyon yana taruwa cikin ƴan kaluluwar hanji. Daga nan ya shiga jijiyoyin hanji, ya hau laka, ya kai ƙwaƙwalwa. Sai ta yi ƴan ramuka kamar soso. Galibi sai tunkiya ta kai shekara 2 zuwa 5 kafin alamu su fito.

Ba kowace tunkiya take kamuwa ba. Kowace tana gadon irin furotin ɗinta daga uwa da uba. Mai irin da ake kira VRQ tana kamuwa da sauƙi. Mai irin ARR da wuya ta kamu, don furotin ɗinta ba ya saurin lanƙwashewa. Shi ya sa a 2001 Birtaniya ta fara auna jinin raguna, tana zaɓen masu ARR don barbara. Ciwon ya ragu ƙwarai.

Mu riƙe: cutar ta baki take shiga, ta jijiyar hanji take hawa. Makiyayin da ya zaɓi rago mai kyau ya tsare garkensa.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin jijiyoyin hanji?
2. Faɗi alamu 3 na ciwon susa.
3. Don me ake zaɓen raguna masu ARR?

Aiki
Zana tunkiya cikin littafinka. Nuna hanyar firiyon da kibiya, daga baki zuwa ƙwaƙwalwa.