Tukunyar Gidan da Ake Neman Haihuwa

Da zarar mace ta fara zuwa asibiti neman haihuwa, ko maganin da ke sa ƙwai ya nuna ake ba ta, ko an kai ga dashen da ake kira IVF, kowa a dangi sai ya zama likitan abinci. Abinci yana da tasiri, amma ba ya buɗe bututun mahaifa da ya toshe, ba ya kuma mayar da shekaru baya. Ga abin da ke hannun mutanen gida.

1. A fara shan folik asid tun kafin ciki ya shiga, maikirogiram 400 kullum, aƙalla wata ɗaya kafin nan, a ci gaba har ciki ya kai sati 12. Laka da ƙwaƙwalwar jariri suna fara ginuwa a makonni huɗun farko, lokacin da mace ba ta ma san ta samu ba. Mai ciwon suga, sikila ko farfaɗiya, likita kan rubuta mata mai ƙarfi.

2. A rage sukari da farin gari. Nan ne aikin yake. Dubi cimar yini guda a gidaje da yawa: shayi mai cokali huɗu na sukari da burodi da safe, farar shinkafa da lemun kwalba da rana, taliya da dare. Wannan yana sa sinadarin insulin ya yi ta hauhawa, kuma ga mai ciwon PCOS, wadda al'adarta ke tsallake watanni, hakan na ƙara hana ƙwai fita. Binciken da masanan Jami'ar Harvard suka fitar a 2007 kan dubban ma'aikatan jinya a Amurka ya gano cewa masu cin hatsin da ba a tace ba, da wake da danginsa, masu guje wa daskararren man masana'anta, sun fi tsira daga matsalar fitar ƙwai. Ba sai an nemo abincin Turawa ba. Tuwon dawa ko gero da miyar kuka, acha, alala, ɗanwake, kwaɗon zogale, kifi sau biyu a mako, duk suna kasuwar unguwa.

3. Mai ƙiba da PCOS, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta kan dawo mata da al'ada. Amma kada a ce sai ta rame za a fara magani. A wani gwaji da aka buga a 2016 a ƙasar Holan, matan da aka jinkirta wa magani wata shida don su rage ƙiba ba su fi sauran samun haihuwa ba. Wadda ta haura shekara 35, a ganina, ta haɗa biyun lokaci guda. Rama mai yawa ita ma tana ɗauke al'ada.

4. A ajiye ƙwayoyin ƙiba irin su "sha ka fashe", domin wasunsu suna hargitsa al'ada. Tsimi, jiƙo da garin da gwaggo ta aiko da shi, a kai wa likita ya gani kafin a haɗa da allurai. Ba raina gwaggo ba ne, ba a dai san abin da ke ciki ba.

5. A auna jini. In ya yi ƙasa, nama, wake da alayyafo suna taimakawa, musamman in an bi da lemu ko gwaiba. Shayi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, don haka a ba shi tazarar awa guda.

6. Goro, kofi da shayi mai kauri, a taƙaita. Nonon da ba a tafasa ba, a bar shi. Hanta ma a dakata da ita bayan dashe, saboda bitamin A ɗinta ya yi wa ɗan tayi yawa.

7. Maigida ya ci daga tukunya ɗaya. Kusan rabin matsalolin rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, kuma maniyyi yana ɗaukar kusan wata uku kafin ya nuna. In zai bar taba da shisha, ya bari wata uku kafin a fara, ya kuma je a yi masa nasa gwajin.