Daga Marina Zuwa Soro: Nazari a Kan Makomar Ginin Ƙasa a Lausu da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Kowace shekara idan damina ta yi nisa, musamman cikin watan Agusta lokacin marka, akan ji labarin gidajen ƙasa sun rushe a ƙauyukan Kano, wani lokaci har da asarar rayuka. Da zarar an ji haka sai a ɗora wa ƙasa laifi, a ce ai zamaninta ya wuce, mai hali ya koma bulo da siminti. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa an yi gaggawar yanke wannan hukunci. Ƙasar da kakanninmu suka yi gini da ita tana nan yadda take. Abin da yake salwanta shi ne ilimin sarrafa ta, tare da sana'o'in da magini yake dogara a kansu. An zaɓi Lausu da kewayenta, wato ƙasar Rano da Kibiya, domin tarihin yankin yana fito da wannan dangantaka a fili.

2.0 Lausu da Ƙasar Rano

Lausu ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Rano, a kudancin Jihar Kano, Kibiya kuwa maƙwabciyar Rano ce. Yanki ne na duwatsu da jar ƙasa, kuma ya fi arewacin Kano samun ruwan sama. Saboda haka duk ginin da zai daɗe a nan sai mai shi ya san yadda zai yi da ruwa.

Rano tana cikin Hausa Bakwai. A labarin da ake bayarwa na rabon ayyuka tsakanin 'ya'yan Bawo, Kano da Rano su ne Sarakunan Baba, watau masu sana'ar rini. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa rini da gini? Amsar tana cikin kayan aikin magini.

3.0 Kayan Gini da Mafarinsu

Maginin gargajiya ba ya aiki shi kaɗai. Kusan kowane abu da yake amfani da shi daga hannun wani mai sana'a yake fitowa.

Na farko ita ce ƙasa. Akan haƙo ta a kusa da gari, ramin da aka bari shi ne kududdufi, wanda yake tare ruwan unguwa da damina. A jiƙa ta, a tattake, a zuba mata ramno, wato dandatsattsiyar ciyawa, sa'an nan a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin a sake kwaɓawa. Daga nan ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana.

Na biyu ita ce azara, wadda ake tsagowa daga giginya. An fifita ta ne domin gara ba ta cika cin ta ba, ga kuma jure nauyi.

Na uku ita ce makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Ruwanta ake haɗawa da ƙasa a yi shafen bango, da ita kuma mata suke ƙarasa daɓen ɗaki ya yi ƙarfi da sheƙi.

Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci ga batunmu, shi ne laso, simintin Bahaushe. Abu uku ake haɗawa a same shi: katsi, wato dagwalon da yake kwantawa a gindin marina, wanda ake kwashewa a busar a ƙona; gashin jima daga wurin majema; da ruwan saiwar dafara mai yauƙi. Da laso ake shafe rufin soro da kan katanga don kada ruwa ya ratsa. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna a binciken digirinsa na 1975 cewa shafe ramukan rini da laso yana cikin abubuwan da suka bunƙasa sana'ar rini a ƙasar Kano a ƙarni na 19. Ashe marina ce take haifar da laso, laso kuma ya koma ya gina marina, ragowar ta hau kan soro. Garin da yake da marina bai rasa abin tare ruwa a rufinsa ba.

4.0 Hikimar da Ke Cikin Aikin

Da rani ake gini, bayan an kawar da amfanin gona. Magini yakan hau kan bango, yara suna wurgo masa tubali da curin ƙasa, yana jera su kai sama yana cike tsakaninsu. Ba ya ɗora sabon layi mai yawa sai na ƙasa ya sha iska. Gindin bango yakan yi kauri ƙwarai, yana sirancewa yayin da yake hawa, don nauyi ya zauna a ƙasa. Kaurin nan shi ne yake hana zafin rana shiga ɗaki da wuri, shi ya sa soro yake da sanyi da bazara, da ɗumi lokacin hunturu.

Azara guda ba ta ɗaukar rufin ƙasa a tazarar da ta wuce kimanin ƙafa 6. Don a sami ɗaki mai faɗi sai magina suka ƙago dabarar baka: a kafa azara daki-daki cikin bango, kowace tana ɗan leƙowa gaba da ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Idan baka ɗaya ce ta ratsa ɗaki, ita ce bakan gizo. Idan suka gitta juna suka haɗu a tsakiya, an sami ɗaurin guga. A kansu ake shimfiɗa gajerun azara da zana, a zuba ƙasa, a shafe da laso, a fitar da indararo don ruwa ya faɗi nesa da gindin bango. Rawani da zankwaye su ne suke ƙarasa kan ginin.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne, ginin ƙasa ba a gama shi. Kafin kowace damina sai an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara indararo, an yi yaɓe. A wajen wannan gyara na shekara-shekara ne yaro yake koyon sana'a a gindin mahaifinsa. Idan aka daina yaɓe, gida ya shiga haɗari, makarantar magina kuma ta rufe.

5.0 Abin da Ya Tsinka Zaren

Dalilin farko shi ne durƙushewar sana'o'in da aka ambata. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban Turawa a 1897, kuma yadin masaƙu ya cika kasuwa, marinar karkara ta yi ta ja da baya har yawancinsu suka zama kufai. Babu marina, babu katsi. Babu katsi, babu laso. Giginya kuwa takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa tsaga, ga shi ana sara ba a dasawa. Magidancin da rufinsa yake yoyo, ya nemi laso bai samu ba, ba za a zarge shi ba idan ya sayi kwano.

Na biyu shi ne lokaci. Da can rani lokacin gini ne da gayya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kafu a Kura da Bunkure da Garun Malam, maƙwabtan Rano. Wannan da cin rani a birane sun janye hannayen da a da suke taka ƙasa.

Na uku shi ne kallon da jama'a suke yi wa ginin. Gidan bulo ya zama shaidar samu, gidan ƙasa ya zama alamar rashi, har matashi yakan ji nauyin kai amarya ɗakin ƙasa. Ɗan magini da ya ga haka sai ya koma birkila.

Na huɗu, wanda ya fi kawo ɓarna, shi ne gamin gambiza. Akan gina bango siriri da ƙasar da ba ta ruɓa ba, a shafe shi da siminti. Siminti ba ya kama jikin ƙasa sosai. Idan ya tsage ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar fita, bango ya yi ta jiƙa a ɓoye har ranar da zai zube. Haka kuma akan cike kududdufi a yi gini a kai, ruwan unguwa ya rasa mazauni ya kwanta a gindin katanga. Irin waɗannan gidaje ba su da kaurin na da, ba su da ƙarfin na zamani.

6.0 Darasi Daga Wasu Wurare

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846), shi ne ƙololuwar fasahar baka a ƙasar Hausa. Ran 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Ginin da ya kusa shekara 200 a tsaye ya isa shaida cewa ƙasa tana da ƙarko, ruftawarsa kuma gargaɗi ce cewa suna da tarihi ba sa riƙe rufi.

A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne domin kowace shekara mutanen gari sukan fito kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe shi. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya soma masallacin ƙasa a 1962, aikin da ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, a 2018, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan yankin. Abin da ya haɗa waɗannan wurare uku shi ne an bar magini yana aiki.

Gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos, wanda Z. R. Dmochowski ya yi wa hidima, da littafin J. C. Moughtin na 1985, sun adana mana siffa da awo. Amma takarda ba ta koya wa hannu sanin ƙasar da ta ruɓa.

7.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Da farko, aikin da ya rataya a wuyanmu ɗaliban Hausa shi ne tattara kalmomi. Da yawa daga cikin kalmomin gini suna cikin ƙamusun Bargery na 1934, amma ɗalibi nawa ne a yau zai bambance makuba da laso, ko rumbu da rufewa? Ya kamata masu rubuta kundin digiri daga Rano da Kibiya su zauna da tsofaffin magina da marina, su ɗauki bayaninsu da muryarsu da hoton aikinsu, mataki-mataki, tun suna raye.

Na biyu, Masarautar Rano, wadda dokar 2024 ta haɗa mata Rano da Kibiya da Bunkure, tana iya sa dagatai su ƙidaya maginan da suka rage da tsofaffin zauruka da masallatan ƙasa, a kuma ba waɗannan magina aikin gyaransu, kowanne da yaran da zai koyar.

Na uku, a sa giginya da ɗorawa cikin itatuwan da ake rabawa lokacin dashe.

Na huɗu, kada a ƙi sabon abu don sabo ne. Harsashin dutse, wanda Allah ya hore wa yankin, da rufi mai baki da zai kare bango daga feshi, suna iya rage wahalar yaɓe ba tare da an rasa sanyin ɗaki ba.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa ginin ƙasa a Lausu da kewayenta ya dogara ne a kan marini da majemi da mai tsaga azara, da kuma yaɓen kowace shekara. Mafi yawan mutanen karkara za su ci gaba da kwana cikin ɗakin ƙasa, domin kuɗin siminti ya fi ƙarfinsu. Tambayar da ta rage ita ce, wa zai gina musu shi: wanda ya gaji sana'ar, ko wanda yake kwaikwayo? Masu iya magana sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Tsofaffin da suka san haɗin laso ba za su jira mu ba.