Tsutsa Mai Tafiyar Taƙi a Lambunan Katsina

Cikin tsutsotsin da ke cin ganyen tumatir da kabeji a lambunan gefen birnin Katsina da gonakin rani na Ajiwa da Jibiya, akwai wata koriya da tafiyarta ke bambanta ta da sauran. Ba ta da ƙafafu a tsakiyar jiki, don haka takan janyo bayanta zuwa gaba, ta tanƙware, sannan ta miƙe, kamar mai awon ƙyalle da taƙi. Masana na kiran irinta Chrysodeixis chalcites.

Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne na dare, mai launin ƙasa da ƙyallin zinare, da ɗigo biyu masu sheƙi a kowane fiffiken gaba. Ana samunta a faɗin Afirka, da Gabas ta Tsakiya, da kudancin Turai, kuma takan yi ƙaura har Ingila. A tsibiran Kanari tsutsar babbar abokiyar gabar ayaba ce. Ban da tumatir da kabeji, tana cin waken soya, auduga da dankali.

Da dare uwar take saka ƙwai, ɗaya-ɗaya a bayan ganye. Cikin 'yan kwanaki sai su ƙyanƙyashe. Ƙaramar tsutsa tana kankare bayan ganyen ta bar fata shara-shara. Idan ta girma ta kai kusan santimita 4, sai ta riƙa huda shi, wani lokaci har 'ya'yan tumatir. Daga nan ta saƙa farar yana ta kwanta ciki, ta fito da fiffike. A yanayin zafi zagayen yakan cika cikin kusan wata guda, shi ya sa ake samun zuriya bayan zuriya a shuka ɗaya.

Kada a haɗa ta da tsutsar Tuta absoluta, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Arewa a 2016. Waccan cikin naman ganye take shiga, wannan kuwa a fili take ci.

Tun ran gini ake zane: manomi ya riƙa juya ganye da sassafe, ya duba ƙwai da kashin tsutsa, ya tsince manyan da hannu. Ruwan 'ya'yan darbejiya da maganin ƙwari da ake kira Bt sun fi tasiri a kan ƙananan, musamman idan aka fesa da yamma har bayan ganye. Yawan feshin guba barkatai yana kashe zanzaro da gizo-gizo masu cinye ta, ya kuma bar dafi a kayan miyar da za a kai kasuwa. Kafin sayen magani, a tuntuɓi malamin gona.