Tantanin Ƙwayar Halitta da Aikinsa

'Yan'uwana ɗalibai, kun sani jikin mutum da na dabba da na tsiro duka an gina su ne da 'yan ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani tantani. Sirantakarsa kuwa ta kai a jera fiye da 10,000 bisa juna kafin su yi kaurin takarda guda.

Da me aka yi shi? A 1925 waɗansu masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka auna maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka ce maiƙon tantanin ninki biyu ne. A 1972 kuma Singer da Nicolson a Amurka suka bayyana cewa akwai furotin iri iri da ke yawo cikin maiƙon nan. Waɗansunsu ƙofofi ne. Watau tantanin kamar ganuwa yake, kowace ƙofa da sarkinta. Iskar da muke shaƙa tana ratsa maiƙon, amma gishiri da sukari sai ta ƙofa.

Ruwa kuwa yakan ratsa tantani ya bi inda gishiri ko sukari ya fi yawa. Ga yadda ni kan nuna wa yara wannan. A yanka ɗanyen dankali gida biyu, a fere gindin kowane, a ƙwaƙule rami a samansa. A dafa ɗaya, a bar ɗaya ɗanye. A zuba gishiri cikin ramukan, a ajiye su cikin faranti mai ɗan ruwa. Bayan 'yan sa'o'i ramin ɗanyen zai tara ruwa, na dafaffen kuwa ba zai tara haka ba, gama zafi ya ɓata tantaninsa.

To, ina amfanin sanin wannan? Zawo yakan kashe yaro ne ta wajen ƙarar da ruwan jikinsa. A 1960 wani masani, Robert Crane, ya bayyana cewa a tantanin hanji akwai ƙofa wadda ke shigar da sukari da sinadarin gishiri tare. In sun shiga, sai ruwa ya bi bayansu zuwa cikin jini. Ƙofar nan tana aikinta ko da mutum yana fama da kwalara. Wannan ne asalin ruwan gishiri da sukari da ake ba masu zawo. Amma sai a haɗa shi da ruwa mai tsabta, bisa awon da ma'aikatan lafiya suka faɗa, domin in sukari ya yi yawa, shi ne zai janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, kamar gishirin ramin dankalin nan, zawo ya ƙaru.

Saboda haka ina roƙonku, in an tura ku makarantun ƙauye, ku koyar da wannan darasi da dankali a hannu. Yaron da ya gane shi zai kai labari gida, wataƙila ran ƙanensa ya tsira.