Lambun Yara: Koyar da Ƙanananmu da Abin da ke Gona

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi yaran da ba su isa shiga firamare ba, wato 'yan shekara 3 zuwa 5. Mun tsara shi domin iyaye, da malaman azuzuwan share fage na ikilisiyoyinmu, da matan zumunta masu kula da yara. Mun ɗauki misalanmu daga Farfaru da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Jibiya, kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, inda akasarin gidaje ke rayuwa a kan noma da kiwo.

Yaron wannan yanki yana buɗe ido ne ya ga gero da dawa da wake da gyaɗa. Ya san kukan akuya, ya san ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Amma sau da yawa in aka kawo shi aji, sai a zaunar da shi a kan tabarma sa'o'i yana haddar sunayen abubuwan da bai taɓa gani ba. Yakan maimaita abin da aka faɗa masa, amma in an tambaye shi ma'anarsa sai ya yi shiru. Muna so mu nuna yadda ƙidaya, da magana, da lura, da haƙuri za su iya shiga kansa ta hanyar abin da ya riga ya sani.

Asalin wannan hanya

A shekarar 1840, wani malami a ƙasar Jamus mai suna Friedrich Froebel ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara a garin Bad Blankenburg suna Kindergarten, ma'ana lambun yara. Ya ba kowane yaro ɗan fili nasa na shuka, ya kuma ware fili ɗaya da dukansu za su kula da shi tare. A shekarar 1907 kuma, likita Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Roma, inda ta lura cewa yaro ya fi riƙe abin da hannunsa ya taɓa. A nan Nijeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ilimin yara tun kafin firamare. Abin da waɗannan masana suka nema da wahala a birane, mu yana bayan ɗakunanmu.

Akwai kuma dalili na musamman a Jibiya. Shekarun hare-haren 'yan bindiga sun raba iyalai da yawa da gonakinsu na nesa, wasu sun koma cikin gari, wasu sun tsallaka wajen Maraɗi. Saboda haka akwai yaran manoma da suka kai shekara 5 ba su taɓa bin mahaifinsu ranar shuka ba. Ba ma ba da shawarar a kai yara daji. Shawararmu ita ce a kawo gonar cikin gida ko harabar makaranta, ko da faɗinta bai wuce tabarma biyu ba.

Darasi na ɗaya: sanin iri

A zuba gero da dawa da masara da wake da gyaɗa a faifai guda, a ba kowane yaro ƙananan ƙoƙuna ya ware kowane iri daban. Malama ta riƙa tambaya: wanne ya fi girma, wanne ya fi ƙanƙanta, wanne ne fari, wanne ne ja? Daga nan a ƙirga ƙwayar wake daga 1 zuwa 5, in sun ƙware a kai 10. Yaron da ya ɗauki ƙwaya biyar da yatsunsa ya fahimci biyar fiye da wanda ya rera ta da baki kawai. Tsintar ƙwaya tana kuma ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir nan gaba.

Darasi na biyu: shuka a gwangwani

A sami gwangwanayen madara ko na tumatir, a daddage bakinsu don kada su yanki hannu, a huda gindinsu, a cika su da ƙasa mai ɗan taki. Wake ya fi dacewa, domin yakan tsiro cikin kwana 3 zuwa 5, kuma haƙurin yaro gajere ne. Kowane yaro ya shuka nasa, a sa masa alamar da zai gane.

Malama ta ware gwangwani uku na gwaji. Na farko a ba shi ruwa a ajiye shi a rana. Na biyu a ajiye shi a rana ba ruwa. Na uku a ba shi ruwa a kulle shi cikin akwati mai duhu. Bayan mako guda yara za su ga na farko kore shar, na biyu bai tsiro ba, na uku ya yi tsawo amma fari, siriri, ba ƙarfi. Kada malama ta yi saurin bayani. Ta bar su su faɗi abin da suka gani da kalmominsu, sannan ta taimake su su kai ga dalili. Kowace safiya a gwada tsawon shukar da tsinken kara, a karya shi daidai, a jera tsinkayen a bango. Jerin nan shi ne ma'aunin farko da yaro zai karanta da kansa.

In akwai fili, a shuka gyaɗa kaɗan. Furenta yana fitowa a sama, sannan ya tura ɗan tsinke cikin ƙasa inda 'ya'yan ke nuna. Ranar tono takan zama babbar rana ga yara.

Darasi na uku: dabbobin gida

In kaza ta kwanta a kan ƙwai, a ja layi ɗaya da alli a bango kowace safiya. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa bayan kwana 21, na zabuwa kuwa yakan kai kwana 26 zuwa 28. Yara za su ƙirga layukan, su koyi jira, su kuma ga cewa kowace halitta tana da lokacinta. A nuna masu jar akuyar nan da aka sani da akuyar Maraɗi ko ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya, a gaya masu takan ɗauki ciki kimanin wata 5. A koya masu sunayen uwa da ɗa: saniya da maraƙi, tunkiya da ɗan rago, kaza da ɗan tsako. Su kwaikwayi kuka da tafiyar kowace dabba, su gina su da laka, su ƙera shanu da garma da karan dawa.

Darasi na huɗu: wasan kasuwa

Yaranmu suna jin labarin kasuwar Jibiya ta ranar Lahadi, inda fatake daga ɓangarorin iyaka biyu ke haɗuwa, wani da naira, wani da sefa. A kafa masu 'yar kasuwa a aji. Yashi ya zama hatsi, murafen kwalba su zama kuɗi. Su ƙirga gwangwani nawa ne ke cika mudu. Su koyi sallama, da tambayar farashi cikin ladabi, da godiya. Malama ta lura da mai awo: in ya tauye mudu, ta tsaya ta tambayi sauran ko sun yarda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiyar awo ma tun a wannan shekaru ake fara ta.

Darasi na biyar: itace da lokutan shekara

A zaɓi itace guda kusa da aji da yara za su riƙa ziyarta duk wata. In an sami gawo, ya fi kyau, domin shi yakan zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Da shi za a koya masu damina, kaka, hunturu, rani da bazara. Manyan cikinsu za a iya ba su labarin maƙwabtanmu na jihar Maraɗi, inda tun daga 1983 manoma suka soma barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe maimakon sarewa, har itatuwa suka dawo a filaye masu yawan gaske. Kowane aji ya reni tsiro guda, a kewaye shi da ƙaya don awaki.

Abubuwan kiyayewa

Kada a taɓa ba yara irin da aka gauraya da maganin ƙwari, wanda galibi akan rina shi ja ko shuɗi. Guba ne. A ɗebo na ci daga rumbu ko kicin. Kada a yi amfani da robar maganin feshi wajen ban-ruwa, ko da an wanke ta. Yaron da bai kai shekara 3 ba kada a bar shi da ƙwaya, domin yakan sa ta a hanci ko kunne, ko ta shaƙe shi. Lauje da gatari da fartanya na manya ne, yara cokali da sanda sun ishe su. A duba ƙarƙashin gwangwanaye saboda kunama. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa ƙasa ko dabba. Kada a kai su bakin madatsar ruwan Jibiya, ko kogin Gada, ko rijiyar lambu. Mu tuna kuma cewa wannan koyo ne cikin wasa: minti 15 zuwa 20 ya isa, da safe kafin rana ta yi zafi. Bai halatta a mai da shi hanyar sa yara aikin ƙarfi ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane fili ne a gidanmu ko harabar makarantarmu za mu iya ware wa yara kafin damina mai zuwa?
2. Waɗanne dattawa ne a cikinmu za su iya zuwa aji su nuna wa yara iri, su gaya masu sunayen kayan noma?
3. A ina muke ajiye maganin feshi da irin shuka a gidajenmu, kuma hannun yaro yana iya kaiwa wurin?
4. Ta yaya za mu jawo yaran iyalan da suka yi gudun hijira zuwa cikinmu su shiga waɗannan darussa?

Muna roƙon kowace ƙungiya ta zauna a kan waɗannan tambayoyi, ta zaɓi darasi ɗaya ta fara da shi a wannan wata, sannan ta sanar da sauran iyaye abin da yaran suka gani da abin da suka faɗa.